Barkar Wata Tara

Ɗana na fari ya yi wata tara a duniya bai taɓa jin sunansa daga bakina ba. Ƙannen ubansa suna kira, yaran maƙwabta suna kira, har Bafulatanar da ke kawo mana nono tana ƙwala masa kira tun daga zaure. Ni kuwa da na sha wuyar haihuwarsa, sai dai in ce "yaron nan" ko "wancan", kamar ajiya aka bar mini. Kunyar ɗan fari ke nan. A gidan da aka kai ni aure, a wani ƙauye da ke gefen babban kanal tsakanin Kura da Bunkure, ba a ɗauke ta da wasa ba. Ba kya kiran sunansa, ba kya yi masa wasa a gaban mutane, ba kya goya shi ki fita muddin akwai mai goyawa. Idan ya faɗi ya fasa baki, ke sai ki kalli kaji.

Mai tsaron wannan doka ita ce surukata, wadda duk gidan ke ce wa Inna. 'Yar siririyar tsohuwa ce, ba ta kai nauyin kwandon tumatir ba, amma idan ta yi gyaran murya a tsakar gida har agwagi sukan gyara tafiya. Sana'arta turara shinkafa. Ganga biyu ne kullum a kan murhunta, tsakar gidan kuma shanya ce tun daga bakin rijiya har ƙofar ɗakina. Tun ranar da na dawo daga wankan jego a gidanmu ta karɓe yaron. A wurinta yake wuni, a bayanta yake barcin rana, ni sai yunwa ta kama shi a miƙo mini shi ta gefen labule. "Angona" take ce masa, irin wasan kaka da jika, tana yi masa gori wai ya aure ta bai kawo ko turmin atamfa ɗaya ba. Maigidana kuwa gatsal take kiran sunansa, daga bakin murhu har ƙofar gida, abin da ya nuna mini ba shi ne na farinta ba. Tun ina amarya na lura da wannan, ban kuma tambaya ba, domin ba a tambayar irinsa.

Gaskiyar magana ita ce son yaron nan yana neman zautar da ni. Da an miƙo shi na saki labule sai in koma wata daban. In shinshina wuyansa, in ɗan ciji yatsunsa, in yi masa wata waƙa da na ƙirƙira wadda ba ta da kai balle gindi, duk a cikin raɗa. Da na ji takun silifas ɗin Inna sai in haɗe rai in tura shi can ƙarshen katifa. Shi kuma ya bi ni da ido, yana mamakin wace irin mata ce wannan aka haɗa shi da ita.

Rigakafinsa ma a haka muka yi ta. Ta farko, wadda ake yi a dantse ta bar tabo, da ɗigon baki, tun ina gida aka yi masa kafin suna, goggona ce ta riƙe shi. Ta sati shida tana zuwa ne daidai gama arba'in, shi ya sa matan wajenmu ba su cika manta ta ba: kina ajiye ganyen wanka, ki ɗauki mayafi, sai asibiti. Sauran biyun, ta sati goma da ta sati sha huɗu, a ƙauyen maigida suka same mu. Inna ce ta goya shi har asibitin sha-ka-tafi da ke bayan kasuwa, ni ina biye da ita riƙe da kati da lema. Malamar asibitin doguwar mata ce mai tabarau, kullum daga Kura take zuwa a bayan acaba da kular ƙanƙara a cinyarta. Idan ta ce, "Ina uwar yaron?" sai in tsura wa kalandar bango ido kamar ina neman ranar sallah. Inna ta nuna ni da haɓa ta ce, "Ga ta can, ba ta da baki." Duk allurar cinya sai jikinsa ya yi zafi, Inna kuma ta wuni tana mita wai an soke mata ango bai ci na kowa ba.

Daga nan Malama ta ce mu huta, sai ya cika wata tara a yi masa ta ƙyanda. A gidanmu ba a faɗin wannan suna. Baƙon dauro ake cewa, a kuma sassauta murya. Allurar wata tara ita ce ke tsere wa mata, domin na farkon suna bin juna kusa-kusa, ita kuwa sai an manta hanyar asibiti sannan take zuwa. Ni dai ban manta ba. Duk tsayuwar wata sai na lanƙwasa yatsa a cikin zane, ba wanda ya sani.

Watansa na tara ya faɗo a bazara, lokacin da tumatir ke yin yawa har ya zama abin tausayi. Maza suna gona tun da sassafe suna cika kwanduna, motoci suna ɗiba zuwa kasuwar Kwanar Gafan, abin da kasuwa ta ƙi kuma a juyo da shi gida, mata su yayyanka su shanya a kan rufi da kan katanga da duk inda kaza ba ta kaiwa. Ƙauyen ya yi ja, ko'ina tsami. A daidai nan ne labari ya fara zuwa daga ƙetaren kanal cewa baƙon dauro ya sauka a can, gida kaza da gida kaza. Muna zaune muna yankan tumatir ake faɗa. Na ci gaba da yanka kamar zancen tsadar taki ake yi. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji wa kaina ba.

Ranar rigakafi muka tafi kamar yadda muka saba, Inna a gaba da goyo, ni a baya da lema. Muka tarar da mata biyu masu 'yan wata tara. Malama ta gama da masu allurar cinya, sannan ta dube mu ta saman tabarau.

"Inna, ta wata tara ba kamar sauran ba ce," in ji ta. "Gari ce a kwalba, sai na haɗa ta da ruwanta, kuma kwalba ɗaya ta yara goma ce. In na haɗa ba ta kwana, abin da ya ragu zubarwa ake yi. Ni kuma kaɗan ake ba ni. Ku zauna mu gani ko za a ƙaru."

Muka zauna har aka kira azahar. Maimakon a ƙaru sai aka ragu, don ɗaya daga cikin matan ta tuna ta bar wake a wuta. Sati na gaba muka koma, mu kaɗai ne ma, sai wani akuya da ya shigo shan inuwa. Kowace mace tana gida da wuƙa a hannu, tumatir ba ya jiran kowa. A hanyar dawowa Inna ta ce, "To kin ji. Sai Allah ya kawo goma. Angona ma ya huta da sukar mata." Haushi ya turnuƙe ni har na ji kamar in jefa lemar a kanal, amma sai na ce, "Haka ne, Inna."

Na gwada maigida. A ɗaki na ce masa wai an ce a babban asibitin Kura ba a jiran a cika. Ya ce in sha Allahu zai kai mu a babur, bari tumatir ya lafa. Yana faɗa idonsa yana rufewa, hannunsa duk kore da ganyen tumatir. Na san tumatir ba zai lafa ba sai ruwa ya sauka. Da ɗan wata mace ne da na tsaya a kansa sai ya tashi, amma a kan nawa na fari ko a gabansa bakina nauyi yake. Kafin in samo yadda zan jera maganar ya fara minshari.

Ina wanke-wanke dabara ta zo mini. Lokacin da nake wanka a gidanmu an yi haihuwa da dama a ƙauyen nan, duk ban je barka ba, ban je suna ba. Duk wadda ta haihu a wannan tsakanin, ɗanta sa'an nawa ne. Kuma ba a taɓa hana mace zuwa barka ba. Washegari maigida ya shigo cin abinci na ce ina neman izini zan zaga barka.

"Wa ya haihu?"

Na lissafo masa gidajen. Ya ajiye cokali ya ce, "Waɗannan ai 'ya'yansu rarrafe suke yi."

Na ce nauyin abin ne yake damuna, kullum na tuna sai in ji kunya. Inna tana can tana juya shanya da ƙafa, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Zumunci ne. Bar ta ta je."

Haka na fara fita bayan la'asar da sabulu a leda. Gidan farko na wata mai fara'a ne, matar mai gyaran injin ban ruwa. Na yi sallama, na zauna a tabarma, na tattaro duk ƙarfin halina na ce, "Barka da arziki." Ta dube ni, ta dubi sabulun, sai ta fashe da dariya har tana riƙe ciki.

"Barkanmu dai. Ga jaririn can, je ki gan shi."

Jaririn yana bakin turke ya kama jelar tunkiya yana ƙoƙarin miƙewa, bakinsa duk ƙasa. Na ce Allah ya raya. Na sha ruwa, muka zagi tumatir, muka zagi zafi, sannan na lallaɓo na ce, "Wannan kuwa an yi masa ta wata tara? Ni tausayinsa nake ji, kin ji abin da ake faɗa a ƙetare. Ki daure ki kai shi ranar rigakafi."

"Zan duba. Naki fa, an yi masa?"

"Wa?"

"Yaron gidanku."

"Oho, wannan ai na Inna ne. Ita ta sani."

Ta yi mini wani kallo, na yi wa tunkiya kallo. Ta ce za ta zo.

A gida na gaba matar ba ta san watan 'yarta ba, amma ta san an haife ta ana dashen shinkafa, don ungozoma da taɓo a ƙafa ta shigo. Na ce ai shi ke nan, ta kai. Wata ta ce nata ƙato ne, ba abin da zai same shi, dubi cinya. Wata ta karɓi sabulun ta shinshina ta ce wanda ake kawowa barka a da ya fi wannan ƙamshi. Na haɗiye, don ɗanta nake so ba ita ba. Cikin 'yan kwanaki na zama abin nuni. Ina wucewa ta lungu sai in ji ana cewa ga mai barkar rarrafe nan. Ni da ban taɓa yi wa nawa wasa a fili ba, na ɗauki ɗan kowa a ƙauyen, an yi mini fitsari a zane ya fi a ƙirga.

Gidan da na fi jin tsoro na wani mai taurin kai ne. Ba a daɗe da gama ce-ce-ku-cen ɗigon shan inna ba a lokacin, shi kuma tun a wancan rikici ya rantse ba ɗigo ba allura a gidansa. Na shiga wurin matarsa ina ta kewaye-kewaye, sai ta katse ni.

"Kar ki wahalar da kanki, ya yarda."

"Ya yarda? Wa ya shawo kansa?"

"Tsohuwarku mana. Shekaranjiya ta zo wai aron ganga. Ta same shi a zaure, ta tuna masa ita ta yi wa uwarsa zaman jego, ta san shi tun ba wando. Ban ji sauran ba, na dai ji yana cewa to Inna, to Inna. Gangar ma ba ta ɗauka ba."

Na fito na wuce gaba. A gida na gaba ma aka ce ai Inna ta riga ni, wai ta zo duba ko suna da shinkafar turarawa. Ashe da hantsi ita take zagawa, da yamma ni. Gidaje ɗaya muke bi, kowa da ƙaryarta. Da na koma gida na same ta a bakin murhu, na ce, "Sannu da aiki, Inna." Ta ce, "Yawwa, ya masu jegon?" Na ce, "Suna gaishe ku." Muka ci tuwo a tsakar gida ɗaya, yaron yana tsakaninmu yana wasa da ludayi, ba wadda ta tona asirin 'yar'uwarta.

Ranar rigakafi mu muka riga kowa zuwa, har Malama muka riga. Sai ga mata suna ɓullowa ɗaya bayan ɗaya, wasu hannunsu ja da tumatir ko wankewa ba su tsaya yi ba. Ga mai fara'a, ga mai 'yar dashen shinkafa, ga mai ƙato, har mai ƙorafin sabulu. Sai ga Bafulatanar nononmu ta taho da 'yan'uwanta daga ruga, ƙwarya a ka, goyo a baya. Wannan aikin Inna ne, ni ko tunaninsu ban yi ba. Barandar ta cika da kuka da gaishe-gaishe. Malama ta sauka daga acaba ta tsaya tana kallo ta ce, "Yau suna ake yi a nan?" Ta shiga ta buɗe kula, ta haɗa kwalbar tana girgizawa, ta ce, "Wa ke farko?"

Kowa ya san mu ne farko. To amma mu muka gayyato mutane, kuma ba a kiran baƙi a riga su sa hannu a kwano. Ga shi kuma yaron nawa ne na fari, in na matsa gaba me za a ce? Na taɓa mai fara'a na ce, "Shiga mana, kin bar aiki." Da ta fito Inna ta ce, "Mutanen ruga su fara, tafiyarsu da nisa." Daga nan abin ya zama kamar gasa. Na tura wannan, Inna ta tura waccan. Mai ƙato ta ce mu shiga, na ce haba, ina, ku dai. Duk wadda ta fito tana jijjiga ɗanta sai in ji daɗi ya rufe ni, ina cewa a raina yau dai an cika. Yaron yana bayan Inna yana tsotsar gefen mayafinta. A cikinmu ba wadda ta ƙirga, don mu tsoron kar a gaza muke yi, ba mu taɓa kawo a rai za a iya yin yawa ba.

Matar mai taurin kai ce ta shiga gabanmu. Na ga Malama ta ɗaga kwalbar sama tana karkata ta, ta zuƙe abin da ya rage a sirinji. Yarinyar ta callara kuka, aka fito da ita. Muka matsa bakin tebur. Malama ta jefa kwalbar a kwali ta ce, "Ta ƙare."

Mu kaɗai muka rage.

Mai fara'a ce ta fara dariya, sauran suka ɗauka. Wata ta ce masu girki sun kwana da yunwa. Malama kanta sai da ta murmusa ta ce, "Ku da na tarar a nan? Me kuka tsaya yi?" Sannan ta gyara murya ta ce, "Inna, kwalba ɗaya ta rage mini, ban san ranar da za a kawo wata ba. In na fasa ta don yaro ɗaya, ta yara tara ta tafi a banza. Ku yi haƙuri ku dawo wani satin, in an taru."

A raina na yi lissafi. Wa zai taru? Mun share ƙauyen kakaf, har ruga mun shara. Ba sauran ɗan wata tara ko ɗaya da ba a yi wa ba, sai nawa. Da hannunmu muka kwashe duk waɗanda za su cika masa goma.

Magana ta taru mini a baki. Ina so in ce ni na tara matan nan, na zama abin dariya a garin nan saboda yaron nan, ciwon yana ƙetaren kanal kuma kanal ɗin ko yaro yana haye shi. Amma ido ya yi yawa, ga uwar mijina a gefe. Sai na ji bakina ya ce, "Ba komai, Malama." Ban taɓa jin haushin wani mahaluki kamar yadda na ji haushin kaina a lokacin ba. Na sunkuya na ɗauki lema.

Inna ba ta motsa ba. Ta kwance goyo a hankali, ta zauna a kan bencin da ke gaban teburin, ta ce, "Ke, ajiye lemar nan. Zo ki karɓi ɗanki."

Ba ta taɓa ce masa ɗana ba. Dariyar baranda ta tsaya. Na karɓe shi, ban ma san yadda ake riƙe shi a gaban mutane ba.

"Malama," in ji Inna, "ni ma na yi na fari. Tun ba a haƙa kanal ɗin nan ba. Baƙon dauro ya kama shi a irin wannan zafin, yana ɗakin uwar mijina. Ina daka ina jin kukansa. In na zo wucewa ta ƙofar sai in kau da kai, kar a ce ba ni da kunya. Ranar da aka fita da shi ban yi hawaye ba, ni na riƙa ɗebo wa masu gaisuwa ruwa. Har yau tsofaffin garin nan suna yabona a kan haka." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Yabon nan ban san abin da zan yi da shi ba. Fasa kwalbar, 'yar nan."

Malama ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da gefen mayafi. Sannan ta buɗe kula ta ɗauko kwalbar. Ta karɓi katin daga hannuna ta ajiye a gabanta, sunan yana rubuce a kai ɓaro-ɓaro da hannunta, amma sai ta dube ni ta ce, "Sunan yaro?"

Na kalli kalanda. Inna ta ce, "Da ke ake."

Na faɗa, amma murya ta fito kamar ta ɗan tsako. Malama ta ce ba ta ji ba. Na ƙara faɗa da ƙarfi, har na waje suka ji. Yaron ya saki gefen mayafina ya waiwayo ya kalle ni, irin kallon da ake yi wa wanda aka daɗe ana jira. Bai gama kallon ba allura ta shiga dantsensa. Ya buɗe baki ya cika asibitin da kuka. Ni kuma ban san lokacin da na rungume shi na fara jijjigawa ina yi masa waƙar nan tawa marar kai ba, a gaban matan ƙauye da matan ruga da uwar mijina, hawaye yana zuba har cikin bakina. Mai fara'a ta ce, "Ashe dai ta san shi." Aka sake dariya, wasu suna yi suna share ido.

Kwalbar ma ba ta tafi a banza duka ba. Mai ƙorafin sabulu ta tuna yayan ɗan nata ba a taɓa yi masa ba, Malama ta ce ai bai wuce ba, a kawo shi. Bafulatana ta bar ƙwaryarta ta ruga kasuwa ta jawo wasu. Mun bar su ana kokawa da wani mai shekara biyu da ya shige ƙarƙashin benci.

Ranar ni na goya shi zuwa gida, karo na farko a waje. Na ɗaura zanen a karkace, sai da Inna ta tsaya ta gyara mini tana tsaki. Ita ta riƙe lema da kati, tana biye da ni a baya ta kan gaɓar kanal. Sai da muka yi nisa sannan ta ce, "Kada ki saba. Gobe da safe ki dawo mini da angona." Na ce, "To, Inna."

Da muka zo 'yar gadar da ake hayewa zuwa ƙauye sai na ji takunta ya tsaya. Na waiwaya. Ta sunkuya kamar tana gyara silifas, amma ruwan take kallo. Sai ta kira wani suna, na namiji, sau ɗaya, ba da ƙarfi ba, irin kiran da ake yi wa yaro ya zo ya ci abinci. Ba da ni take ba, don haka na juya na ci gaba da tafiya. Jim kaɗan ta cim mini tana faɗa, wai mun bar shinkafa a ganga tun safe, yanzu haka ta zama tuwo, kuma duk laifin angonta ne.

Na ji sunan sarai, har yau ina riƙe da shi. Ba zan rubuta shi a nan ba, don nata ne, kuma sau ɗayan nan kaɗai na taɓa jin ta faɗe shi.